Famfon Ɗaki na Biyu

Shekara tara Ƙaramin Likita yana aiki a ɗaki na biyu na asibitin haƙorin da ke saman kantin magani, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ciro karyayyar saiwar haƙori da hannunsa ba. Ko sau ɗaya. Mutum uku ne suka san da haka: shi kansa, da Babbar Likita mai asibitin, da tsohuwar nas ɗin da ke miƙa masa kayan aiki.

Kada wani ya ɗauka bai iya aiki ba. Ya iya, ba ƙarya. Allurarsa ba ta da zafi, sai ya gama mutum ya tambaye shi yaushe za a fara. Cikon da ya yi tun shekararsa ta farko har yau ana tauna ƙashi da shi. Yaran da ke tahowa suna tsala ihu tun daga matakala, da sun shiga wurinsa sai ka ji tsit, can kuma ka ji dariya. Mata ne suka sa masa suna Hannun Auduga, sunan ya bi shi har cikin kasuwa. Haƙorin da zai fito a dunƙule kuma yana cire shi ba gardama. Matsalar guda ɗaya ce tak. Idan ya kama turmin haƙori da filaya yana girgizawa, ya ji ƙas, kan haƙorin ya taho, saiwar ta yi zamanta can cikin ƙashi, to a nan likita yake ƙarewa. Gumi ya keto masa a ƙarƙashin takunkumi, yatsunsa su yi sanyi ƙalau, ya tsaya yana kallon ramin yana cika da jini.

Abin yana da mafari. A shekararsa ta farko wata mata mai sayar da zannuwa ta zo da haƙorin sama, saiwa ta karye, shi kuma da zafin kai irin na sabon likita ya bi ta da ƙarfe yana turawa. Maimakon ta fito sai ta shige sama, cikin kogon da ke gefen hanci. Sai da aka kai matar babban asibiti aka yi mata aiki. Ta warke sumul, har ta dawo ta gaishe shi, ta ce ba komai, ƙaddara ce. Ita ta manta da zancen tuni, hannunsa ne ya ƙi mantawa.

Dabarar da ta rufa masa asiri kuwa ba wanda ya zauna ya tsara ta. Bututun famfon ɗaki na biyu ta cikin bango ya bi, ya ratsa ta bayan kujerar Babbar Likita a ɗaki na ɗaya. In an buɗe famfon kaɗan, shiru. In an murɗe shi har ƙarshe sai bututun ya kama gurnani yana dukan bango. Karo na biyu da saiwa ta karye masa, ya ajiye filaya ya nufi wurin wanke hannu don kawai ya sami abin yi, a ruɗe ya murɗe famfon gaba ɗaya. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga Babbar Likita ta turo ƙofa, wai aron ƙaramin madubi ta zo. Ta ɗan leƙa bakin mara lafiyar, ta ce, "Af, irin wannan ce? Matsa in ga abin da ka gani." Kafin ya gama goge hannu saiwar tana cikin tasa.

Tun daga ranar abin ya zauna a haka. Saiwa ta karye, famfo ya yi kuka, Babbar Likita ta zo aron madubi. Ba ta taɓa ce masa uffan a kai ba, shi ma bai taɓa cewa na gode ba, don in ya yi godiya ai ya amsa cewa akwai abin. Sau biyu mai gyaran famfo yana cewa zai ɗaure bututun ya daina wannan ƙarar, sau biyu tana ce masa ya bar shi, ba ya damun kowa. Nas ce kaɗai ba ta iya riƙe bakinta. In ɗaki ya zama ba kowa sai ta ce, "Yau ɗaki na ɗaya sun ari madubi har sau biyu. Ni dai da idona na ga nasu sun fi namu yawa." Ta ci gaba da jera ƙarafanta a faranti, shi kuwa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Duk wannan babban wansa bai sani ba. Yaya mai walda ne, ƙaton mutum mai babbar murya, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya masa har ya gama karatu. A bakinsa kuwa likitan bai taɓa wuce Auta ba. Yana da shago biyu a jere a bakin titi, ɗaya yana aiki a ciki, ɗaya yana ajiye ƙarafa. Wata rana kawai ya kwashe ƙarafan, ya kira ƙanensa ya nuna masa ɗakin wayam.

"Auta, ka ga nan? Asibitinka ne."

"Wane asibiti kuma, Yaya?"

"Naka mana. Har yaushe za ka yi ta amsa sunan ƙaramin likita? Furfura fa ta fara leƙo maka. Jiya wata mata ta kawo gyaran ƙofa, da ta ji ni wan Hannun Auduga ne har rusuna min ta yi. Sunanka ke cika wa mai asibitin can benci, kai kana maƙale a ɗaki na biyu."

"Bari dai a yi shawara, Yaya."

"Yi shawararka, ni ina aikina."

Ya kuwa yi aikinsa. Cikin wata huɗu ya shimfiɗa tayil, ya ja ruwa, ya raba ɗakin biyu da katako, nan wurin jira, can wurin aiki, ya ƙera dogon benci mai abin jingina. Ya samo kujerar haƙori a hannun wani likita da ya yi ritaya, tsohuwa ce amma tana hawa tana sauka, fitilarta tana kamawa. Takardun izini Auta ne ya bi da ƙafarsa, ofis zuwa ofis, yana fata a ransa a ce wurin bai cika sharaɗi ba. Masu dubawa suka zo, suka zagaya, suka yaba da aikin, suka sa hannu.

A faɗi gaskiya, shi ma yana so. Wa zai ƙi? Yakan shiga ɗakin shi kaɗai ya tsaya, ya ga inda zai ajiye ƙaramar kujerar yara, ya ga yadda zai ba kowane mutum lokacinsa ba tare da an ƙwanƙwasa masa ƙofa ana cewa layi ya yi tsawo ba. Matarsa har ta ɗinka labulen taga, ruwan ganye, tana ta tambayarsa ko ya yi. Sai ya lallashi kansa da cewa ai ba dole ba ne ya cire kowane haƙori, masu wuya sai ya tura su wani wuri. Amma ya san ƙarya yake shirga wa kansa. Haƙori ba ya aiko da saƙo kafin ya karye. Wani za ka gan shi a tsaye gam, ka taɓa shi ya farfashe. Mutumin da bakinsa ke buɗe yana zubar da jini kuma ba a ce masa ya je ya dawo gobe.

Sau uku yana zuwa shagon Yaya da niyyar faɗin gaskiya. Na farko ya tarar da shi yana shafa wa benci fenti yana waƙa, sai ya yaba fentin ya tafi. Na biyu akwai mutane. Na uku ba kowa, ba fenti, ba wani uzuri, ya zauna ya sha ruwa, ya tambayi lafiyar yara, ya tashi. Takardar barin aiki kuma ya rubuta ta, sati uku tana cikin aljihun farar rigarsa har ta yi laushi, bai miƙa ba. Ko labarin shagon bai ba Babbar Likita ba. Wato ya ɓoye wa wansa zancen famfo, ya ɓoye wa uwar ɗakinsa zancen shago, yana kwana yana tashi da kunyar su biyun.

Ranar wata Asabar da safe, ranar hutunsa, saura sati biyu a buɗe, ya zo jera kayan aiki a kabad. Sai ya tarar da Yaya a kishingiɗe a kan kujerar, ya miƙe ƙafafu, ya dafe kumatun hagu. A bakin ƙofa ga tela da mai faci, maƙwabtan shagon, suna leƙe suna murmushi.

"Wata biyu yana hana ni sakat," in ji Yaya. "Na ƙi gaya maka ne. Cewa na yi ba mai taɓa bakina sai a kan wannan kujera. Ni zan fara hawanta."

"Mu kuma mun zo mu ga yadda ƙato ke kuka," in ji tela.

Auta ya kunna fitila, ya sa madubi ya duba. Turmin ƙasa ne, ya rube har ya kusa shafewa da dasashi, bango ɗaya kawai ya rage a tsaye. Ko ɗalibin da ya fara shiga aji ya san wannan ba zai fito a dunƙule ba.

"Yaya, wannan sai an ɗauki hotonsa, kuma injin hoto bai iso ba. Mu je can wurin aikina."

"Can? In ɗauki bakina in kai wa matar can, ga asibitin ƙanena a gabana? Me ya haɗa ni da hoto, aure zan yi? Cire min shi kawai."

Mai faci ya ce, "Likita, ko dai tsoron Yaya kake ji? Kada ka damu, in ya cije ka muna nan."

A nan ne ya kamata ya buɗe baki. Kalma nawa ce? Ban iya ba. Uku ce kacal, yaro ma yana faɗinsu. Amma ina, kunyar tela da mai faci ta rufe masa ido, mutanen da ko ciwon kai ba za su yi ba in ya mutu. Ya yi 'yar dariya irin ta wanda ya saba, ya ce su ɗan ba shi wuri, ya tura ƙofa. Ya wanke hannu, ya sa safar hannu da takunkumi, ya zuƙo allura.

"Ka yi?" in ji Yaya bayan ɗan lokaci. "Wallahi ban ji komai ba." Ya ɗaga murya don na waje su ji. "Kun ji ko? Ko cizon sauro bai kai ba."

Auta ya jira har leɓen Yaya ya yi nauyi. Ya raba dasashi da haƙorin a hankali, ya zura filaya can ƙasa iyakar inda za ta iya kaiwa, ya kama. Ya fara girgizawa kaɗan-kaɗan, ciki, waje, yana addu'a a zuci, yana lallaɓa haƙorin kamar mai ɗauko ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Har ya ji ya ɗan motsa, har ransa ya fara cewa wataƙila yau. Sai ƙas.

Ya duba bakin filaya. Guntun baƙin haƙori ne, ko rabin farce bai kai ba. Saiwa biyu suna ciki, jini ya taso ya rufe su.

Bai san lokacin da ya ajiye filayar ba. Ƙafafunsa ne suka kai shi wurin wanke hannu, hannunsa ya murɗe famfo har ƙarshe. Ruwa ya zubo da ƙarfi, yana fallatsa masa a riga. Ya tsaya ya kasa kunne. Shiru, bangon bai ce komai ba, don Yaya ya ɗaure bututunsa tam. Bayan bangon ma ba kowa sai injin walda da tarin ƙarafa. Sai da ya kama kansa yana kallon ƙofa, yana jiran a turo ta, sannan ya gane abin da yake yi. Mutum mai shekara talatin da bakwai, mai takardar izini a rataye, yana kiran uwar ɗakinsa da famfo daga wata unguwa. Ya kashe ruwan, kunnuwansa suna zafi.

"An gama?" in ji Yaya, harshensa a karye.

"Saura kaɗan."

Ya sauya safar hannu, ya dawo. Ya goge jinin da auduga, ya ɗauki siririn ƙarfen da ake zurawa a ɗago saiwa. Ya san yadda ake yi, ya gani sau ɗari ba ɗaya ba, da za a ba shi takarda zai rubuta shi tiryan-tiryan. Ya kai ƙarfen bakin ramin. Hannun ya kama rawa, ƙarfen yana buga haƙorin da ke kusa, ƙyas-ƙyas-ƙyas, a cikin kan Yaya. Ya janye, ya ja numfashi, ya sake kaiwa. Rawar ta ƙaru.

Yaya ya ɗaga ƙaton hannunsa ya riƙe masa wuyan hannu. Ba da ƙarfi ba. Ya dube shi ta ƙarƙashin fitila.

"Mene ne?"

"Ya karye, Yaya. Saiwar tana ciki."

"To ciro ta mana."

Auta ya naɗe auduga ya cusa a ramin, ya ce ya cije. "Tashi mu tafi," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba.

A waje tela ya taso da sauri. "Har an gama? Ina haƙorin mu gani?"

"Hoto za mu je mu ɗauka," in ji Auta, ya buɗe wa Yaya ƙofar tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, ya karɓi makulli ya ja.

Ranar Asabar asibitin rabin yini yake yi, don haka benci a cike yake maƙil. Suna hawowa matakala aka fara gaishe shi. Wata ta ce ga Hannun Auduga, wata ta ce wa ɗanta ya daina kuka likitansa ya zo. Shi kuwa ga ɗigon jini a gaban riga, ga ƙaton mutum a bayansa da auduga a baki. Nas ta ɗago daga teburinta ta dube shi, ta dubi Yaya, ta sake dubansa. Yau ba ta yi tsokana ba, ta tashi ta shiga shirya faranti. Shi da ta yi tsokanar ma da ya fi masa sauƙi.

Ya tsaya a ƙofar ɗaki na ɗaya ya ƙwanƙwasa da hannunsa. Babbar Likita ta buɗe, 'yar siririyar tsohuwa mai gilashi a kan hanci, tana sallamar wani mara lafiya.

"Ranki ya daɗe, yayana ne. Turmin ƙasa, saiwa biyu."

Ta nuna wa Yaya kujera, ta cire audugar ta duba. "A ina aka fara wannan aikin?"

"A wani shago," in ji Auta. "Yaya ne ya shirya min wuri. Da nufin in buɗe nawa. Na so in gaya miki."

"Na sani," ta ce, tana sa safar hannu. "Wanda ya sayar muku da kujerar ajinmu ɗaya. Riƙe min abin zuƙe ruwa."

Ya riƙe, yana tsaye a gefe kamar ɗalibi. Ta sa aka ɗauki hoto, ta ƙara allura, ta ɗan tsaga dasashi, ta raba saiwoyin biyu da inji, ta zura ƙarfe ta murɗa wuyan hannu kaɗan. Ɗaya ta faɗa tasa. Ta sake murɗawa, ta biyu ta biyo. Ɗinki biyu, auduga, shi ke nan. Ta ce wa Yaya ya cije, kada ya yi magana sai bayan rabin awa.

Amma wa ya isa ya hana Yaya magana? Ya dubi injinan ɗakin, ya dubi ƙanensa, ya ce ta gefen baki, "Kayan aiki ne ba su cika ba a can, ko? A faɗa min abin da ya rage in nemo."

Babbar Likita ta buɗe baki. Auta ya ga za ta ce e, ya ga ta riga ta shirya masa mayafin kamar kullum, kuma da ya yi shiru na daƙiƙa biyu da an wuce wurin.

"Ba kayan aiki ba ne, Yaya," ya ce. "Duk abin da ta taɓa akwai shi a can. Ni ne ban iya ba. In saiwa ta karye ba na iya ciro ta. Tun da na fara aiki a nan ita take zuwa ta cire min. Famfo nake buɗewa, ta ji ƙarar ta shigo."

Nas ta ɗauki faranti ta fita ta ja ƙofa.

Babbar Likita ta cire safar hannunta a hankali, ta jefa a kwando, ta tsaya tana kallon kwandon. "Tunda an fara, bari a ƙarasa," ta ce. "Ɗana, ba kai kaɗai ke da abin kunya a ɗakin nan ba. Shekarar farko tausayinka nake ji. Ta biyu ma haka. Daga nan kuwa na san abin da nake yi. Likita huɗu na koya wa aiki a ɗaki na biyu kafin kai, kowanne da hannunsa ya faɗa sai ya tattara ya tafi, ya kwashe min rabin mutane. Kai ne ba ka tafi ba, kuma na san abin da ya riƙe ka. Da na so ka iya, wata uku ya isa: in tsaya a bayanka, in hana kaina karɓar ƙarfen. Ban yi ba. Duk ranar da bututun nan ya yi ƙara, daɗi nake ji."

Ya so ya ji haushinta, ya laluba bai samu ba. Abin da ya samu wata kunyar ce a kan ta farko, don shi ma ai daɗin yake ji duk sanda ƙofar ta buɗe. Ba ɗaure shi aka yi ba, shi ya miƙa wuya.

"In kana so," ta ci gaba, har yanzu ba ta dube shi ba, "daga Litinin duk saiwar da ta karye kai za ka ciro, ina tsaye, hannuna a aljihu. Wata shida, ko shekara, ban sani ba. Mai yiwuwa ma hannun ya ƙi, ban yi maka alkawari ba. In kuma takardar da ke aljihunka za ka ba ni, ba ni."

"Litinin ɗin zan zo, ranki ya daɗe."

Suka kamo hanya a mota, suka wuce shataletale biyu. Yaya yana kallon waje, hannunsa a kumatu. Sai da suka tsaya a fitilar hanya Auta ya ce, "Ba zan buɗe ba, Yaya. Ba yanzu ba, kuma ban san yaushe ba. In kana son shagonka ka mayar da ƙarafanka."

Yaya ya zaro audugar daga bakinsa, ya duba ta, ya riƙe a hannu.

"Shekara tara?"

"Tara."

"Ka bar ni ina yawo gari ina cika baki."

Yaya ya juyo ya dube shi.

"Wannan ma da sauƙi. Ka duba bakina, ka ga abin da ka gani, ka san ba ka iya ba, ka kama filaya." Muryarsa ba ta tashi ba, kuma hakan ya fi ihu ciwo. "Ni wanka ne, ka ɗauko ni a mota. Da matar wani ce fa? Da yaro ne?"

Fitila ta ba da hannu, na baya suka fara danna oda. Auta ya ja motar, idanunsa sun cika, yana ganin titi dishi-dishi. Yaya ya mayar da audugarsa ya cije.

Da suka iso, mutanen bakin shagon sun ƙaru. Labari ya zaga cewa an fara aiki a sabon asibiti, har mai kantin kayan gini ya tsallako titi, da wasu mata biyu da ke son a rubuta sunansu tun yanzu. Tela ne ya fara tarar su.

"To, yaya? An fitar da shi? Kun daɗe fa. Ranar buɗewa tana nan dai ko?"

Auta ya kashe mota ya fito. Ya riga ya faɗa sau ɗaya yau, ya ce a ransa, na biyu ba zai kashe shi ba. Yana jan numfashi Yaya ya riga shi.

"An ɗaga," in ji Yaya, rabin bakinsa a mace. "Ƙafar kujerar ce. Ni na yi mata walda, ana tsakiyar aiki ta tsage, ta sunkuya da ni, haƙorin ya karye a hannun yaro. Allah ne ya tsare. Ba mai hawanta sai an samo wata ƙafar, kuma irinta wuyar samu gare ta."

Kujerar nan ko tartsatsin wuta bai taɓa sauka a kanta ba. Shekara talatin Yaya yana walda a bakin titin nan, kuma in kana son ka ga tashin hankali ka ce masa aikinsa ya saki.

"Waldarka ce ta tsage?" in ji mai faci. "Kai ɗin?"

"Ni ɗin. Ido ya fara tafiya."

"To fa. Ai kuwa bari in je in duba rumfar da ka ɗaura min, kada ta sunkuya da ni ni ma."

Aka kwashe da dariya. Mai kantin kayan gini bai yi dariya sosai ba, ya ce ai shi ma yana da ƙofofi shida da ya yi niyyar kawowa, amma bari ya ga yadda sati zai kasance.

"Ba haka," Auta ya fara.

"Auta," in ji Yaya, ko juyowa bai yi ba, "ka bar fitila a kunne a ciki. Je ka kashe, ka gyara wurin."

Ya shiga ya tura ƙofa. Fitilar tana nan tana haska kujerar da ba kowa a kai, ga filaya a faranti da guntun haƙorin a bakinta, ga ɗigon jini ya bushe a wurin ɗora hannu. Ta cikin katako yana jin tela yana kwaikwayon yadda kujera ta sunkuya da ƙato, yana jin Yaya yana taya su dariya da rabin baki. Ya jiƙa auduga ya goge jinin. Ya goge kujerar daga sama har ƙasa, ta yi fes, ya sake ɗauko wata audugar ya faro daga sama, don har yanzu ba su watse ba kuma bai san da wane ido zai fita ba.